Cukun Inno

Wata bakwai ke nan Malam Sa'adu bai kira sunan 'yarsa ba. Ba fushi yake yi da ita ba. Ina ma fushin ne, da an taru an ba shi haƙuri an wuce wurin. Mantawa ya yi. Kullum da safe Mashkura za ta durƙusa a gabansa da kwanon kunu ta ce, "Baba, an kwana lahiya?" Shi kuma ya dube ta da ladabin da ake yi wa matar maƙwabci, ya ce, "Lahiya lau, baiwar Allah. Ki gaida mutanen gidanku." Alhali a gidan nata yake zaune, a cikin garin Wurno, ita ke wanke masa riga, ita ke yanke masa akaifa. Wannan ladabin shi ya fi komai cin ranta.

Shekara uku da suka wuce ne 'yan bindiga suka kore shanun ƙauyensu da ke ƙasar Rabah, har da na tatsa, ba su bar ko maraƙi ba. Mashkura ta je ta ɗauko shi da mahaifiyarta Inno, ta ba su ɗakin da ke kusa da rijiya. Inno ta rasu bara bayan kaka. Tun daga nan tsoho ya fara zubewa kaɗan-kaɗan. Da farko hanyar masallaci ta ɓace masa, sannan sunayen jikoki, daga ƙarshe har nata. Abinci ma sai an yi da gaske yake kai loma uku. Yini yake yi a kan buzunsa yana kallon ƙofa, ba dariya, ba faɗa, ba tambaya.

Ran wata Talata yayanta Zaharaddeen ya kira daga Kaduna. Ya ce nan da kwana goma sha ɗaya, ranar Asabar, zai zo ya tafi da Baba.

"Nan akwai manyan likitoci," in ji shi. "Kuma tunda bai san kowa ba, ai ko'ina ɗaya na gare shi."

Ba ta yi musu ba. Shekararta ashirin tana aikin jinya, ta fi kowa sanin cewa tsohon yana bukatar abin da ba su da shi a nan. Amma ta kuma san cewa mai shekara tamanin da biyu in aka kai shi Kaduna a wannan hali, da wuya ya sake ganin Wurno. Ba ta roƙi ya warke ba, ta wuce wannan. Abu ɗaya take so, ya dube ta ya ce Mashkura, ko sau ɗaya ne, kafin motar ta tashi.

Kashegari a wurin aiki ta iske Likita Uwaisu, wani saurayin likita mai yawan karance-karance, yana shan shayi yana dariya shi kaɗai da wayarsa. Ta tambaye shi abin da ya samu. Ya ce wani rubutu ne a kan cuku, wai akwai wani sinadari a cikinsa, da ma wasu abinci, wanda jiki ke ɗauka ya haɗa abin da ke kwantar da rai a ƙwaƙwalwa, shi ya sa wasu ke cewa mai cin cuku yakan ji sanyi a zuciya. Ya ce masu binciken ma ba su gama gardama a kai ba.

Mashkura ta ajiye fayil ɗin da ke hannunta. Shi kuwa da ya ga yadda fuskarta ta canza, ya san inda ta dosa.

"Sista, kada ki ɗora rai. Cuku ba magani ba ne. Ko da gaske yana gyara ma mutum rai, ba ya maido abin da ƙwaƙwalwa ta yar."

Ta ce ta ji. Ƙarya take yi, rabin farko kawai ta ji, don tuni hankalinta ya bar asibitin ya koma tsakar gidansu na ƙauye.

Inno jikar Adarawa ce, a wurin kakarta ta koyi cuku, kuma duk ƙauyen ita kaɗai ta iya. Ba kullum take yi ba, sai damina ta zauna, shanu sun ƙoshi, madara ta fi ƙarfin ƙwarya. Ran nan za ta fito da 'yan asabarinta na kara, kowanne bai fi faɗin littafi ba, ta jera su a kan rumfa. Ta zuba daskararriyar madara da ludayi, ta shafe ta da bayan ludayin har ta yi fale-fale, ruwan yana tsiyaya ta tsakanin karare, kyanwa na ƙasa tana jira. Aikin yara shi ne korar kaji da ƙuda. In ya bushe sai ka ga fari tas, da zanen kara layi-layi a jikinsa. Da la'asar Baba zai dawo daga gona, ya wanke ƙafa, ya hura garwashin shayinsa da kansa, ya ɗora cuku guda a gefe har ya yi ja-ja ya fara kumbura. Ƙamshin nan kuwa har gidan liman ake jinsa.

Kuma duk yaran gidan sun san wani abu da ba wanda ya koya musu: ranar cuku ba a dukan kowa. Ranar ce ake faɗa wa Baba cewa akuya ta shiga gonar wake, ranar ce ake roƙon sabon takalmi. Ranar cuku Mashkura ta ce tana son a kai ta makarantar kwana, abin da ba a taɓa yi wa mace ba a zuriyarsu, Baba ya tauna, ya kurɓi shayi, ya ce, "To, ki tahi." Inno takan ce ba cukun ba ne, ƙoshin shanu ne ke sa shi farin ciki. Wa ya sani? Yara dai ba ruwansu da dalili, sun san ranarsu.

Da ta tashi daga aiki ta bi kasuwa ta samu wani Buzu mai sayar da cuku. Abin ya kwana biyu a hanya, ya yi rawaya, ya yi tauri kamar ɓawon ƙwarya. Ta gasa ta kai wa Baba. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya yi mata godiya mai yawa, ya sa a aljihu. Mutumin da haƙoransa huɗu suka rage, da me zai ci wannan? Ta ce a ranta, ai na Inno sabo ne, mai laushin gefe, sai dai ta yi da kanta.

Ta tuna duk abin da ake bukata, ko kuma haka ta zata. Ta sa aka samo mata madarar safe daga wata ruga ta wajen Dinawa. Ta samu wani tsohon mahauci ya ba ta busasshen tumbin ɗan akuya da bai fara cin ciyawa ba, don ruwansa ne ke daskarar da madara. Ta jiƙa shi. Sannan ta ɗora tukunya, ta tafasa madarar nan tafasa mai kyau, har sau biyu ta taso tana neman zuba. To me za ta yi? Matar da ta shekara ashirin tana tsayawa gaban masu jego tana cewa a tafasa ruwa, a tafasa madara, a tafasa cokali. Hannunta ma ba zai yarda ya yi wani abu dabam ba. Ta bari ta huce, ta zuba ruwan tumbi, ta rufe da faifai, ta zauna jira.

Har azahar madara tana nan yadda take. Da ta ɗebo ta zuba a kan kara, sai ta bi ta tsakani ta zube ƙasa. Kashegari ta ƙara ruwan tumbi, ta samu wani abu mai gudaji-gudaji da ko kyanwa ta shinshina ta wuce. Rana ta uku ta zargi mahauci, ta canzo wani tumbin. Duk ɗaya. Ta zauna a bakin murhu ta yi kuka, kukan haushi, don sau ɗari ta ga ana yin abin nan amma ba ta taɓa kallo da niyyar koyo ba. Tana makarantar kwana lokacin da ya kamata ta koya, tana ganin cuku aikin mutanen da ne. Saura kwana shida.

Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta zauna kusa da Inno a ƙarƙashin rumfar nan, Gwaggo Sharifa, ƙanwar Baba, wadda ke zaune wurin ɗanta a Taloka ta ƙasar Goronyo. Mashkura ta nemi hutun kwana biyu, ta bar Baba a hannun maigidanta, ta shiga mota. Hanya duk buhunan albasa ne an jera a bakin titi, da injinan ban ruwa suna ta kuka a fadama, ba ta ko kalle su ba.

Ta iske Gwaggo a inuwa ta miƙe ƙafafunta masu ciwo tana tsintar wake. Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba, Mashkura ta kwashe labari ta faɗa mata.

"Hwaɗa min ɗaya bayan ɗaya," in ji Gwaggo. "Da anka kawo madarar, mi kinka yi?"

"Na tace ta."

"Madalla. Sai mi?"

"Sai na tahwasa ta."

Gwaggo ta ajiye faifan wake. Ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta fara dariya, irin dariyar tsofaffi da ba ta da sauti sai girgizar kafaɗa, har ta share hawaye da bakin zane.

"Ke ɗiyar Inno, kin kashe madara, sannan kin zauna kina jiran ta tashi ta yi miki aiki? Madarar cuku da ɗumin saniya aka yin ta. Uwarki ko gaisawa ba ta tsayawa yi in ta ɗauko ƙwarya daga garke, don kada ta huce."

"Gwaggo, ɗanyar madara tana da cuta. Tsoho na, jikinai ba ƙarhi."

"Mu da munka sha ta shekara saba'in, ga mu nan muna tsintar wake."

"Waɗanda ba su kai ga tsintar waken ba fa? Ni ka ganinsu asibiti."

Gwaggo ta taɓe baki, ta janyo faifan wakenta ta ci gaba da tsinta, don ita ma ta binne 'ya'ya uku. Can Mashkura ta tuna wani darasi na makarantar jinya da ta daɗe da jefarwa, cewa ba dole sai madara ta tafasa take tsarkaka ba, in an ɗumama ta sosai ta fara tururi, aka riƙe ta haka kamar rabin awa ba a bari ta taso ba, ya isa. Ta faɗa wa Gwaggo. Gwaggo ta ce ita ba ta san wannan bidi'a ba, amma a gwada, madarar maƙwabta ce za ta yi asara ba tata ba.

Da sassafe suka gwada. Mashkura ta tsaya kan murhu tana janye itace tana mayarwa, ta sauke, ta sa tukunyar cikin ruwan randa har madarar ta dawo ɗumin jiki. Gwaggo ta tsoma ɗan yatsa, ta gyaɗa kai, ta ɗiga ruwan tumbi, kaɗan ƙwarai, bai kai rabin abin da Mashkura ke zubawa ba. Ta rufe, ta hana a taɓa ƙwaryar, ta hana a yi tafiya da ƙarfi kusa da ita. Kafin hantsi ya ɗaga suka buɗe. Madara ta kama, ta zama guda, tana rawa in an motsa ƙwarya. Gwaggo ta yanka da ludayi, gefen ya tsaya, ruwa garai-garai ya taru a ramin. Mashkura ta ji ƙamshin nan mai ɗan tsami-tsami, sai ga rumfar gidansu a idonta, har da kyanwar.

"To, bokonku ya yi rana," in ji Gwaggo. Ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta fiddo 'yan asabari shida da suka yi baƙi don tsufa. "Uwarki tas saƙa su. Tahi da su, ni hannuna ya daina."

Laraba da yamma ta iso Wurno. Alhamis mai kawo madara bai zo ba, wai an hana bin hanyar rugar saboda an ga baƙin fuska. Sai Juma'a da hantsi ya iso. Ta yi komai yadda ta gani, madara ta kama, ta zuba a kan asabarin Inno guda shida, ta hau tsani ta jera su a kan rufin ɗakin girki, ta rufa musu gidan sauro. Gwaggo ta ce yini biyu cur yake so a rana, ana juyawa. Ita kuwa rabin yini ta samu, don kafin magariba motar Zaharaddeen ta tsaya a ƙofar gida, ya ce da sun karya kumallo za su kama hanya, ba ya son yamma ta same su a daji.

Asabar da safe aka yi wa Baba wanka, aka sa masa farar riga da hula. An riga an kai jakarsa mota. Yana zaune a kan buzu, hannu bisa gwiwa, kamar baƙon da ke jiran a sallame shi. Mashkura ta roƙi yayanta minti ashirin. Ta hau tsani ta taɓa cukun. Gefe ya bushe, tsakiya da saura. Ta ɓamɓaro guda ɗaya a hankali, ta sauko, ta hura garwashi a gaban Baba, ta ɗora butar shayi, ta sa cukun a gefe.

Ya fara ja, ya fara kumbura, ƙamshi ya cika tsakar gida. Zaharaddeen da ke tsaye da makullin mota a hannu ya daina kaɗa shi. Shi ma ɗan gidan ne, hancinsa bai manta ba.

Ta sa a faifai ta miƙa. Baba ya ɗauka. Bai yi godiya ba. Ya bi layin karan da babban yatsansa daga sama har ƙasa, ya gutsuri gefe, ya daɗe yana mamula. Ya kurɓi shayi. Ya sake gutsura. Sannan ya danna tsakiyar da yatsa, yatsan ya lotsa. Sai ya haɗe gira, ya ɗago kai.

"Wa ya kwashe wanga?"

Ya ɗaga cukun ya nuna musu ramin yatsansa.

"Ɗanye na a tsakiya. Inno ba ta kwashe cuku sai ta ƙwanƙwasa ta ji ya amsa." Muryarsa ta fito da ƙarfin da aka daɗe ba a ji ba. "Wanga aikin Mashkura na. Yarinyar ga ba ta da haƙuri, da uwarta ta juya baya sai ta hau rumhwa ta ɓamɓaro. Sau nawa za a hwaɗa mata ta bari rana ta gama aikinta? Ku kira min ita."

Mashkura tana durƙushe a gabansa, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Ga ni, Baba."

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubawa, daga goshi zuwa haɓa, ya koma kan gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalinta.

"Mashkura," ya ce. "Ke ta? Yaushe kinka yi hurhura?"

Dariya da kuka suka zo mata tare, ta rasa wanda za ta fara. Ta kama hannunsa mai maiƙon cuku ta riƙe da hannu biyu. Daɗin da ta ji a lokacin bai da misali, kuma yana da zafi, don ta san ba mai daɗewa ba ne. Zaharaddeen ya juya ya fuskanci bango.

Baba ya waiwaya ya dubi rijiya, ya dubi ɗakin girki, ya dubi igiyar shanya. Ya ga ba gidansa ba ne.

"Uwarki ba ta nan ko?"

"Ba ta nan, Baba. Bara, bayan kaka."

Ya sunkuyar da kai. Leɓɓansa suka yi motsi, ya yi mata addu'a, ya shafa. Sannan ya ɗauki sauran cukun ya cinye sarai, har ɗanyar tsakiyar da ya gama kushewa, ya shanye shayinsa, ya nemi ƙari. Rabon da ya ci abu haka tun ana zaman makoki.

Ni dai ba zan ce muku cuku ne ya yi ba. Da aka ba Likita Uwaisu labari daga baya, ya ce ba sinadarin da ke aiki cikin minti biyar, wataƙila ƙamshin ne, wataƙila kuma ranar ce ta zo da sauƙi, masu irin wannan ciwo sukan samu haka. Mashkura ba ta yi gardama da shi ba, ba ta kuma yarda ba.

Rana ta fara zafi, tafiya kuma ba ta fasu ba, don likitocin Kaduna na jira ranar Litinin. Suka kama shi su biyu suka kai shi mota, ta gyara masa rigar, ta sa masa carbinsa a hannu. Tana tsoron kada ya ɗago ya ce mata baiwar Allah, har ta ƙi haɗa ido da shi. Zaharaddeen ya tada mota. Sai tsoho ya ƙwanƙwasa gilashi, aka sauke masa.

"Mashkura."

"Na'am, Baba."

"Saura nawa bisa rumhwa?"

"Biyar."

"Kada ki taɓa su. Ki bari su bushe da kyau, in na komo sai in ci."

"To, Baba."

Ta tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana. Sannan ta koma ciki, ta hau tsani, ta juya su ɗaya bayan ɗaya don ɗaya gefen ma ya samu rana.